Jak mai mai ɗan tan 2: yana da ƙarfi, amma a gwada shi kafin a biya

Wannan jak ɗin da ake samu a shagunan kayan mota a Katsina ya fi na wanawa sauƙi nesa ba kusa ba. Bugu kaɗan, mota ta tashi. Matsalarsa tsayi: idan taya ta kwanta gaba ɗaya, ƙaramar mota irin Corolla takan yi ƙasa har ya ƙi shiga. Sai an hau da tayar kan katako tukuna.

Gindinsa kuma ƙarami ne. A rairayin gefen hanyar Katsina zuwa Daura nutsewa yake yi, motar ta karkace, don haka faffaɗan katako dole ne a but.

In za a canza taya, a kauce daga kwalta, a ja hambirki, a sa giya, a tare wata taya da dutse. A sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga daidai wurin da aka tanada a gefen mota. Don Allah kada kowa ya cusa jiki ƙarƙashinta. Bayan an sa sifiya, a sauke a ɗaure notunan ɗaya daura da ɗaya.

A ajiye jak ɗin a tsaye, in ya kwanta mai yakan yi yoyo.