Kafin jami'a ta kashe kuɗi kan kayan mai da sakamakon bincike hoto

Injiniya na da lissafin gudun iska, likita na da hotunan CT (hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka), masanin sinadarai na da siffar furotin, mai nazarin yanayi kuma ya tara fayilolin NetCDF (tsarin ajiye bayanan kimiyya). Kowa so yake a mai da masa lambobinsa hoton da ido zai gane. Inda aka fi yin kuskure shi ne a fara da sayen katon allo. Tambaya biyu ake fara amsawa: wane irin bayanai ne, kuma mene ne girmansu?

Idan manhaja ɗaya ake so ta ɗauki sassa da yawa, zaɓin yana tsakanin ParaView ta kamfanin Kitware da VisIt ta cibiyar Lawrence Livermore a Amurka. Duk kyauta ne, an gina su a kan VTK (tarin kayan manhaja na mai da bayanai hoto), kuma kowace tana iya barin nauyin aikin a babbar kwamfutar jami'a, mai bincike na kallo daga tasa. VisIt na buɗe nau'in fayil sama da 100, amma a ganinmu ParaView ta fi sauƙin koya wa ɗalibi, domin yana ganin matakan aikinsa a jere, ya gyara wanda ya ga dama.

Sai dai ba su dace da kowa ba. Mai hotunan DICOM (tsarin fayil na hotunan asibiti) ya fara da 3D Slicer, ita ma kyauta. Amira da Avizo na Thermo Fisher na kuɗi ne, kuma sun yi fice wajen ware sassan abu a hoton micro-CT, wato CT na ƙananan abubuwa. Kafin a sa hannu a tambaya: lasisin na kwamfuta ɗaya ne ko ana iya karɓa-karɓa, ana sabunta shi duk shekara, kuma waɗanne ɓangarori ake saya daban? Masu furotin suna da ChimeraX, VMD da PyMOL, masu taswira kuma QGIS ta ishe su a yawancin aiki.

Wajen kwamfuta, lissafi ake yi, ba a bin tallar mai kaya. Hoto mai 2048 a tsawo, faɗi da zurfi, kowane ɗigo bit 16, ya kai kusan gigabait 17 tun ba a taɓa shi ba. Matakan tacewa da yawa kwafe bayanan suke yi, don haka a tanadi RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) ninki biyu zuwa uku, wato gigabait 34 zuwa 51, ke nan mai gigabait 64 za a saya. Idan hoton ya fi ƙwaƙwalwar katin GPU (katin da ke sarrafa hoto), juya shi zai riƙa sarƙewa ko manhajar ta rufe. Gara ƙarin RAM da faifan ajiya mai sauri na NVMe da a kashe kuɗin a kan allo.

Ɗakin nuni irin CAVE (ɗakin da ake haska hoto a bangayensa kamar mutum na cikin hoton), wanda aka fara nunawa a 1992 daga Jami'ar Illinois ta Chicago, yana burge baƙi, amma yana cin wuri da gyaran na'urorin haska hoto. Tabarau na VR (masu nuna hoto kamar mutum na cikinsa) biyu ko uku sun wadatar, sai in mutane da yawa za su duba abu ɗaya a tare.

Launi ma abin lura ne: jerin launukan bakan gizo yana nuna iyaka inda babu ita a bayanan, yana kuma rikita wanda ba ya bambance ja da kore. A zaɓi manhajar da ke da jerin launuka na viridis ko makamancinsa.

A kasafin a ware albashin ma'aikaci ɗaya da ya iya harshen kwamfuta na Python da tsarin fayil na HDF5, domin shi zai riƙa juya fayilolin wannan sashe su buɗu a manhajar wancan.