Tukunyar tururi ko ta dafawa: wacce ta fi tatsar man na'a-na'a da kanumfari?

Hajiya, ɗauki mai tururin, wato mai rariya a tsakiya. Ita nake da ita. Aikinta irin na madambaci ne: ruwa na tafasa a ƙasa, ganye na zaune a kan rariya, tururi ya ratsa shi ya kwashe man, ya bi ta murɗaɗɗen bututun da ke nutse cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa yana ɗiga cikin kwalba. Amfanin hakan shi ne man ba ya ƙonewa. Babban sinadarin da ke cikin kanumfari sai zafi ya haura digiri 250 yake tafasa shi kaɗai, amma tururi na ɗauko shi ƙasa da digiri 100, ƙamshinsa bai lalace ba.

Ranar da na fara sa na'a-na'a, maƙwabciyata har leƙowa ta yi ta katanga tana tambayar abin da nake dafawa. Man ya taru siriri a saman ruwa, na zuƙe shi da sirinji. Kada ki sa rai da yawa, buhun ganye ɗan kaɗan yake bayarwa. Kanumfari ya fi shi mai nesa ba kusa ba, sai dai nasa ya fi ruwa nauyi, ƙasan kwalba yake kwanciya. Ruwan zai fito fari-fari, ki bar shi ya natsu, kuma ki daddaka kanumfarin kafin ki zuba. Ruwan da ya rage shi ma yana da ƙamshi, kada ki zubar.

Ta dafawar, wadda ake jefa ganye cikin ruwa kai tsaye, na taɓa riƙe ta. Ta fi araha, tana kuma yi wa furen wardi kyau tunda shi cuɗewa yake a tururi. Amma ruwa na ja baya ganye zai kama gindin tukunya, man ya fito da ƙauri.

Ki yi hattara da masu sayarwa. Wani zai miƙo miki alminiyum ya rantse ƙarfe ne mara tsatsa. In ta jan ƙarfe ce, ki tambayi abin da aka yi liƙi da shi, domin masu ha'inci na sa darma, kuma darma guba ce. Ki sa a zuba ruwa a hura wuta a gabanki kafin ki biya. In tururi na tsiyaya ta bakin murfi, man ne ke guduwa, ki bar musu kayansu.