Hattara da dillalan gurbin karatun hoton asibiti a Birtaniya

Jama'a, ina jan hankalin duk mai niyyar zuwa Birtaniya karatun rediyogirafi, wato aikin ɗaukar hoton cikin jikin majiyyaci don gano cuta, da iyayen da za su ɗauki nauyinsa. Akwai wasu dillalai da ke yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa suna da gurbi a hannu a jami'o'in can. Tallan nasu kusan iri ɗaya ne: gurbi tabbas, babu intabiyu, babu jarrabawar Turanci, gwamnati za ta riƙa ba ka alawus, kana gamawa aiki na jiranka. Daga nan sai a ce gurbi biyu kawai ya rage, a gaggauta tura kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum ko wani kamfani da ba jami'ar ba.

Babu wanda yake da gurbin wannan karatu a aljihunsa, kuma ga dalili. Kusan rabin lokacin ɗalibi a asibiti yake yin sa, yana koyon aiki da injin hoton ƙashi da na CT da na MRI a kan marasa lafiya na gaske, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Jami'a ba ta iya ɗaukar ɗalibai fiye da wuraren horon da asibitocin NHS, wato hukumar kula da lafiya ta gwamnatin Birtaniya, suka ba ta. Shi ya sa guraben 'yan ƙasashen waje ba su da yawa, wasu jami'o'in ma ba sa karɓarsu a wannan fanni. Tunda kuma jikin mutane za ka riƙa taɓawa, kana sarrafa hasken da zai iya cutarwa, yawanci sai an yi maka intabiyu, sannan a duba lafiyarka, a bincika ko kana da tarihin aikata laifi. Wanda ya ce zai tsallakar da kai duk wannan, ƙarya yake yi.

Maganar alawus ɗin ma an ɗauko gaskiya ne an murɗe ta. Tun daga 2020 akwai tallafin fam 5,000 a shekara da ake ba ɗaliban wasu fannonin lafiya a Ingila, masu rediyogirafi har da ƙarin fam 1,000. Amma wanda ya cancanci rancen karatu na gwamnatin ƙasar shi ake ba. Ɗalibin da ya shigo da bizar karatu daga waje ba ya ciki, shi zai biya kuɗin makarantarsa cikakke, a farashin baƙi. Ɗan damfara yakan nuna maka shafin tallafin na gaskiya, ya ɓoye maka sharaɗin.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce damfarar da komai nata yake kama da gaskiya. Jami'ar tana nan, takardar gurbin ta gaske ce, bizar ma ta fito. Sai dai kwas ɗin ba shi ne wanda zai ba ka damar aiki ba. A Birtaniya doka ce ta kare sunan wannan sana'a, ba ka da ikon kiran kanka ma'aikacin rediyogirafi ko ka yi aiki da wannan suna sai ka yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan wasu fannonin lafiya rajista. Wanda ya yi karatunsa a can kuwa, kwas ɗin da hukumar ta amince da shi ne yake ba shi damar neman rajistar. Akwai kwasa-kwasai da yawa masu suna kusa da wannan: kimiyyar hoton lafiya, kimiyyar lafiya gaba ɗaya, ko digiri na biyu na shekara ɗaya da aka tsara don waɗanda sun riga sun zama ma'aikata suna son ƙaro ilimi. Karatu ne mai kyau ga wanda aka yi dominsa. Amma dillalin da ke cin kamisho a kan kowane ɗalibin da ya kai, idan ya ga ba za ka samu ainihin kwas ɗin ba, sai ya tura ka ɗaya daga cikin waɗannan, ya ce duk ɗaya ne, ko ya ce kana isa za ka canza. Canzawar ba abu ne mai sauƙi ba, domin bizarka a kan kwas ɗin da aka ɗauke ka take, wancan kwas ɗin kuma ya riga ya cika. Ka duba halin gidan da suka sayar da kadara, yaro ya yi shekaru yana karatu, ya fito da shaida a hannu, sannan a ce masa ba za a yi masa rajista ba. Wannan zalunci ne babba, kuma da wuya a kama mai yin sa, tunda a takarda bai ƙirƙiri komai ba.

Hanyoyin da aka sani su ne digirin farko na shekara 3 a Ingila, ko shekara 4 a Sikotlan, sai kuma digiri na biyu na shekara 2 wanda aka tsara musamman don kai mai wani digirin kimiyya ga rajista. A kula kuma, fannin gano cuta daban yake da fannin jinyar ciwon daji da haske, kowanne da kwas ɗinsa. Kuma wannan karatu ba ya mayar da mutum likita. Na ga ana yaudarar iyaye da cewa ɗansu zai dawo likitan hoto, alhali wannan sai wanda ya yi karatun likitanci tukuna.

Tabbatarwa ba ta buƙatar ejan. Hukumar HCPC tana da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Ka nemi sunan jami'ar da cikakken sunan kwas ɗin, harafi da harafi kamar yadda yake a takardar da aka ba ka, don jami'a ɗaya tana iya samun wanda aka amince da shi da wanda ba a amince da shi ba. Sannan ka duba jerin makarantun da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta ba lasisin ɗaukar ɗaliban waje. Digirin farko ta UCAS, wato cibiyar neman gurbin jami'o'in Birtaniya, ake nemansa, za ka iya zaɓar kwas har 5, kai ne kuma ya kamata ka riƙe lambar sirrin shiga. Ejan da ya hana ka ita, ko ya buɗe imel da sunanka ya riƙe, akwai abin da ba ya so ka gani. Adireshin jami'o'in Birtaniya yana ƙarewa da ac.uk. Ka samo imel ɗin ofishin ɗaukar ɗalibai daga shafin jami'ar da kanka, ka tambaye su ko sun san wannan ejan, ko suna ɗaukar baƙi a kwas ɗin bana, da kuma wane asibiti za a kai ka horo.

Ba na cewa duk ejan ɓarawo ne. Akwai nagari, kuma jami'o'i da yawa suna wallafa sunayen wakilansu na kowace ƙasa. Na gari ba zai ji haushi don ka tuntuɓi jami'a ba, ba kuma zai ce kuɗin makaranta ya bi ta hannunsa ba.

Sai batun takardun jabu. Wasu sukan ce za su haɗa maka sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS, ko su zuba kuɗin aro a asusu su fitar da takardar banki, ko su sayar maka da lambar CAS, wato shaidar an ɗauke ka karatu da ake neman biza da ita. Ita CAS jami'a ce kaɗai take bayar da ita, bayan ta ɗauke ka. Kuɗin da za ka nuna dole ya zauna a asusu kwana 28 a jere, kuma ana iya tuntuɓar bankin. Idan aka kama yaudara a takardun biza, haramcin shiga ƙasar yakan kai shekara 10, kuma a kanka zai faɗa, ba a kan dillalin ba. Turancin ma ba abin wasa ba ne a wannan aiki. Matakin da HCPC take so shi ne maki 7 a IELTS, ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba, domin kai za ka tabbatar da sunan majiyyaci, ka tambayi mace ko tana da juna biyu kafin ka kunna inji.

Idan ka riga ka tura kuɗi, kada ka ƙara ko sisi, ko da sun yi barazanar cewa na farkon zai salwanta. Ka adana hirarrakinku da rasit da lambar asusun, ka sanar da bankinka da 'yan sanda nan take, ka kuma aika wa jami'ar kwafin takardar da aka ba ka da sunanta. Kada ka shigar da neman biza da kowace takarda da ta fito daga hannunsu har sai jami'ar ta amsa maka a rubuce cewa tata ce.