A yanke gobe ko a tafi asibitin koyarwa?

'Yar'uwa Allah ya ba Baba lafiya. Tsakanin likitan asibitin kuɗin nan da ya ce zai yanke tabon kan nasa gobe da kuma asibitin koyarwa, ni dai ku tafi na koyarwa, kuma dan Allah kar ku yarda a sa masa wuƙa sai an ɗebi ɗan nama an gwada tukuna.

Mu hanyar farko muka bi da kawuna, wallahi har yau abin na cina. Shi ma tabo ne a fatar kai kamar ya buge jini ya kwanta, ba zafi ba komai, sai dai wanzami na taɓawa jini ya ƙi tsayawa. Asibitin kuɗi dai ba layi, iyakar abin da zan faɗa kenan. An yanke aka jefar da naman ko lab ba a kai ba, kafin wata uku ya dawo a wuri uku.

A asibitin koyarwa mun sha layi mun sha neman fayil, amma can ne wata likita ta zaunar da mu kamar 'yan gidansu ta yi mana bayani da Hausa, ta ce sunan ciwon anjiyosakoma, daji ne da ke tasowa daga shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, ba a cika ganinsa ba kuma ya fi kama tsofaffi a kai da fuska, wani lokacin nono bayan an yi masa gashi (wato ƙona daji da hasken inji) ko hannun da ya daɗe a kumbure. Ido ba ya gane shi, sai gwajin nama na musamman na neman wasu alamomi irin su CD31 da ERG. Za su yi gwajin HIV ma, kar ranku ya ɓaci, suna so ne su raba shi da Kaposi, wani dajin fata da ya fi kama masu HIV, don sukan yi kama amma magani ba ɗaya ba. Sai sikanin CT na ƙirji saboda ciwon ya fi saurin tafiya huhu. Kuma yana bin ƙarƙashin fata fiye da inda ake gani, shi ya sa ƙaramin yanka ba ya isa, sai an yanka da faɗi an yi dashen fata sannan gashi. Kawu lokacin ciwon ya wuce a yi masa tiyata, aka sa shi a kemo, wato allurar maganin daji, mai suna paclitaxel duk sati, jinin ya tsaya har ya koma sa hula yana zuwa Juma'a da ƙafarsa, ranar farko har kuka matarsa ta yi. Ciwon mai tsanani ne, ba zan ɓoye miki ba, shekara ɗaya da 'yan watanni ya ƙara.

Injin gashi akwai a Shika Zariya, akwai Sakkwato da Asibitin Ƙasa Abuja, ku tambaya yana aiki kafin ku kashe kuɗin mota.

Sannan ku yi hattara da masu tallan maganin daji a Facebook da TikTok, da masu tare mutum a bakin asibiti wai suna da allurar kemo mai araha, jabu sun yi yawa. Ku saya a famasin asibitin, in babu ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ku nuna wa likita kafin a ɗaura. Kar a shafa komai a wurin, kar a yi ƙaho ko sakiya. Ki ɗau hoton tabon yau ki tafi da shi.