Dasa Sababbin Itatuwa Ko Sassaben Zamani?

Manoma da dama suna tambaya a kan hanyar da ta fi dacewa wajen kare gonaki daga kwararowar hamada yanzu da damina ke rikicewa: dasa sababbin itatuwa, ko rainon tohon tsofaffin kututture, wato sassaben zamani, wanda ya bazu a yankin Maraɗi bayan farin 1984.

Ta fuskar kuɗi, dashe yana buƙatar sayen tsirrai daga gandu, da ban-ruwa, da shinge saboda awaki, kuma da yawansu sukan mutu a ranin farko. Sassaben zamani kuwa wuƙa ko lauje kawai yake nema, domin saiwar ta riga ta yi zurfi a ƙasa, shi ya sa tohon ke jure fari. Da wannan hanya aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, inda gawo, mai zubar da ganye da damina, ke ƙara wa gero taki. Sai dai manomi ba ya zaɓen irin itace, abin da gonar ta ɓoye shi zai samu.

Dashe ya dace da mai ruwa kusa wanda ke son mangwaro ko darbejiya, ko wanda gonarsa ta rasa kututture gaba ɗaya. Sassaben zamani ya fi dacewa da ƙaramin manomi mai dogaro da damina.