Hattara da masu sayar da tsohuwar kwamfuta da sunan "mai Windows 11"

Jama'a, ɗalibai, iyaye da masu shagon buga takardu, duk mai shirin sayen laftof ta hannu ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura kuɗi. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, wasu 'yan kasuwa suka samu sabuwar hanyar ci da gumin mutane. Sai ka ga talla a WhatsApp ko Facebook: "Core i7, Windows 11, ta Turai, tsaf take." Ka je shago a kunna maka, Windows 11 ta bayyana a sikirin, ka biya farashin sabon yayi. Alhali abin da ka ɗauko ya kusa shekara goma da ƙerawa.

Ga yadda abin yake. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, sannan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta Intel daga janareshan (zubin ƙira) na 8 zuwa sama, ko AMD daga Ryzen 2000. Amma akwai hanyoyin tsallake wannan bincike, har da wata manhaja ta kyauta mai suna Rufus, kuma duk yaron shago ya iya. Tsallakewar ba ita ce cutar ba, mutum na iya yi wa tasa kwamfutar da saninsa. Cutar ita ce a yi a ɓoye maka, a kuma ƙara maka kuɗi a kai. Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin aika wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba, kuma babbar sabuntawar da ke fitowa duk shekara ba ta saba zuwa mata da kanta. Kowace fitowa ta Home da Pro wata 24 ake kula da ita. In ta ƙare, sai ka koma wurin mai gyara ya sake ɗorawa, ka sake biya.

Inda aka fi kama mutane shi ne kalmar i7. Da yawa suna zaton i7 na nufin janareshan na 7, ko kuma ta fi kowace i5. Ba haka ba ne. Lambar farko da ke bayan ɗan layin a sunan furosesar ita ce magana. i7-4600U janareshan na 4 ce, ta 2013. i5-6300U, wadda ke cikin HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwanninmu, na 6 ce, ba ta cikin jerin Windows 11. i5-8250U na 8 ce, ta shiga. Daga na 10 kuwa lambobi biyun farko ake dubawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Sitikar da ke manne kusa da madannai kada ta ruɗe ka, ana sayar da ita a buɗe, ana liƙawa a kan kowace.

Mafi muni su ne masu sauya sunan furosesa a cikin Windows ɗin kanta, ta yadda ko ka shiga Settings za ka ga abin da suke so ka gani. Don haka kada ka tsaya a nan. Ka ce a kashe, a sake kunnawa a shiga BIOS, wato shafin bayanan na'urar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gabanka ta danna: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Ka kwafi lambar siriyal da ke can, ka gwada ta da ta ƙasan kwamfutar, ka sa ta a shafin kamfanin ka ga da me ta fito daga masana'anta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara "Alhaji ai ba sai an yi duk wannan ba, ni da kai ne", ko ya ce BIOS ɗin na da fasuwod da bai sani ba, ka yi masa sallama. A rasit kuma a rubuta cikakkiyar lambar furosesa, ba "i7" kawai ba.

Akwai kuma masu karɓar kuɗin "lasisin Windows 11". In kwamfutarka na da halastacciyar Windows 10 kuma ta cika sharuɗɗa, hawa 11 kyauta ne, ladan aikinsa kaɗai za ka ba mai gyara. Abin da wasu ke sawa da sunan lasisi manhajar sata ce irin ta KMS, wadda ke kunna Windows na kwana 180 tana maimaitawa, kuma sai an kashe Windows Defender, manhajar tsaron Windows, kafin ta shiga. Irin waɗannan ne ɓarayi ke cusa wa ƙwayar satar fasuwod, a kwamfutar da za ka buɗe imel da asusun banki.

Su kuma masu ce maka tsohuwarka ta mutu, ka kawo a yi musanya ka cika kuɗi, ba su faɗa maka gaskiya ba. Windows 10 ba ta daina aiki ba, gyaran tsaro ne aka tsayar, kuma a 2025 Microsoft ta buɗe shirin ESU na ba masu amfanin gida ƙarin gyaran, ta sa masa wa'adin 13 ga Oktoba 2026. Mafi yawan nauyin da tsofaffin kwamfutoci ke yi daga hadi dis mai juyawa ne. Ka sa SSD, wurin ajiya mai sauri, a madadinsa, ka kai RAM 8GB, za ka sha mamaki. In aikinka rubutu ne da intanet, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, kyauta ce kuma tana tafiya lafiya a janareshan na 4 ko na 6.

Janareshan na 6 a farashin na 6 ciniki ne mai kyau, ni ma zan saya. Wanda ya riga ya saya yana shakka, ya buɗe Task Manager da BIOS yau ya duba lambar, in bai dace da rasit ba ya koma da ita, in mai shago ya ƙi ya kai ƙara wurin shugabannin kasuwar.