Sennheiser EW 100 G4 a cikin rak: makirfo mai kyau, amma ɗaurin sai wanda ya iya

Ga masu sana'ar kai kayan sauti istirahohin biki (wato wuraren taro na haya) a nan Jidda, wannan makirfo marar waya ya ci kuɗinsa. Biyu nake aiki da su a walimomi da tarukan 'yan uwa, daga unguwar Hindawiyya har Makka, kuma murya tana fita tas, ba ƙugi. Batiri biyu na AA suna kai kusan awa 8, wato daga bayan isha'i har a watse.

Kowace risiba (na'urar da ke karɓar saƙon makirfon) rabin faɗin rak ce, wato akwatin ƙarfen da ake jera na'urori a ciki, don haka biyu ke zama gefe da gefe a layi ɗaya mai faɗin inci 19 da tsayin inci 1.75. Ƙarafunan haɗa su sun zo a kwali, wannan ba abin wahala ba ne.

Aikin yana wajen eriya. Mai gyaran da na fara kira ya bar eriyoyin a baya, cikin akwatin ƙarfe, ya rufe ƙofa, ya karɓi riyalolinsa ya tafi. Da malam ya ɗan matsa tsakiyar jama'a sai murya ta riƙa ɗaukewa, ana ta juyowa ana kallona. Laifin ba na na'urar ba ne, ƙarfe ne ke tare saƙon rediyo. Da aka jawo eriyoyin gaba da gajerun wayoyin eriya masu kan BNC, aka ware kowace biyu kamar baƙin V, ɗaukewar ta daina. Dalilin ba kowace risiba eriya biyu ke nan: ta riƙa zaɓar wadda saƙonta ya fi ƙarfi. Mai risiba huɗu gara ya nemi na'urar raba eriya ta ASA 214 ta raba musu eriya biyu, maimakon takwas su cunkushe wuri guda.

Sai zafi, wanda duk mazaunin Jidda ya san shi. Amfilifaya a ƙasa take zama saboda nauyi, kada rak ɗin ya kife wajen lodi a mota. Na bar layi ɗaya ba komai tsakaninta da risibobin, na sa fanka a sama, kuma kowace na'ura da sukurorinta huɗu, ba biyu ba.

Wutar Saudiyya bolt 230 ce, amma tsofaffin gine-gine har yanzu akwai masu 127, don haka a gwada soket kafin a jona. Masu karya ƙafar atin ta fulogi don ya shiga kowane rami, don Allah ku bari. Ita ce ke hana jikin rak ya ja mutum idan waya ta ɓare a ciki.

Wanda zai yi oda daga Dubai ko Najeriya ya duba zangon mitar da ke rubuce a jikin kwali. Hukumar sadarwa ta CST ce ke tsara wannan a Saudiyya, kuma zangon megahaz 700 na kamfanonin wayar salula ne, don haka a guje shi. A kowane sabon zaure nakan sa risibar ta lalubo mitar da ba kowa a kai tun kafin baƙi su iso, musamman idan akwai wani biki a istirahar da ke maƙwabtaka.